Yadda Ake Karanta da Rubuta Ayisin ROM na Tsofaffin Kwamfutoci

Tsohuwar kwamfutar nan Commodore 64 da ta koya mini wannan aiki, a cikin kayan gwanjo na tsince ta, maɓallanta biyu a karye, ƙura ta shige ta har ciki. Na haɗa ta da talabijin na kunna, 'yar jan fitilarta ta kama, amma allo baƙi ƙirin. Sai da na yi makonni ina bin ta kafin na gane ayisi ɗaya ne ya mutu, ɗan baƙin abin nan mai ƙafafu a jere da ake kira ROM, wanda ke riƙe da umarnin farko da kwamfutar ke karantawa da zarar an ba ta wuta. Kamfanin Commodore ya durƙushe tun 1994, babu shagon da za ka shiga ka ce a ba ka sabo. Abin da ya rage shi ne ka samo wani ayisin da babu komai a cikinsa, ka zuba masa abin da ke cikin na asali.

Jikin ayisi ana samun madadinsa. Abin da ke rubuce a cikinsa ne ba kullum ake samu ba, shi ya sa karatu ke gaba da rubutu a duk abin da zan faɗa a nan.

Ka fara sanin abin da ke hannunka

Ka duba lambar da ke bayan ayisin. Idan ta fara da 23, kamar 2332 ko 2364, tun a masana'anta aka gina rubutun a jikinsa, ana karanta shi amma ba a goge shi, ba a kuma ƙara masa komai. Idan ta fara da 27, EPROM ne, mai 'yar tagar gilashi a tsakiya wadda galibi ake rufewa da sitika. Dov Frohman ne ya ƙirƙiro shi a kamfanin Intel a 1971, na farkon kuwa, wato 1702, bayit 256 kacal yake ɗauka, wato kamar haruffa 256. Masu farawa da 28 su ne EEPROM, da wuta ake goge su ba da haske ba.

Lambar da ta biyo baya ita ke gaya maka girmansa, ka raba ta gida 8. 2716 kilobayit 2 ne, 2732 kilobayit 4, 2764 kilobayit 8, haka har zuwa 27512 mai kilobayit 64.

EPROM yana riƙe bayani ne ta hanyar kulle 'yar wutar lantarki a cikin dubban ƙananan ɗakuna. Ɗakin da ke da wuta 0 ne, wanda babu 1 ne. Wutar nan tana zurarewa a hankali, masu ƙera shi ma shekara goma zuwa ashirin suka yi alkawari. Yau da yawansu sun haura shekara arba'in. Don haka idan ka samu tsohuwar na'ura mai EPROM tana aiki lafiya, ranar ce ranar da ya kamata ka kwafe shi, ba sai ta fara ciwo ba.

A nan akwai tarko biyu da suka ci mutane da yawa. TMS2716 na kamfanin Texas Instruments ba ɗaya yake da 2716 na Intel ba duk da kamar suna: shi wuta iri uku yake sha, bolt 5, bolt 12 da kuma bolt 5 na ƙasa da sifili, kamar tsohon 2708. Kuma 2532 da 2732 girmansu ɗaya amma tsarin ƙafafunsu ya bambanta. Kafin ka taɓa kowane ayisi, ka nemo takardar bayanin da kamfaninsa ya fitar, ka karanta lambar har harafin ƙarshe.

Kayan aiki

Babba a cikinsu ita ce furogirama, na'urar da ake ɗora ayisi a kai a haɗa da kwamfuta ta USB. Wadda ta fi yawa a hannun masu gyara ita ce TL866II Plus, sai ƙanwarta T48, duka na XGecu. Wajen karatu kowacce ta wadatar, don bolt 5 kawai ake buƙata, banda irin su TMS2716 da 2708 masu shan wuta iri uku. A wajen rubutu ne suka rabu: TL866II Plus a bolt 18 ta tsaya, T48 kuwa tana kaiwa 25. Tsohon 2716 da 2732 bolt 25 suke so, 2732A da 2764 na farko bolt 21, masu harafin C a tsakiya kamar 27C64 da 27C256 kuwa galibi wajen bolt 12.5 zuwa 13. In da hali, T48 zan ce ka saya. Manhajarsu a Windows ita ce Xgpro, masu Linux da Mac kuma suna da minipro kyauta.

Sai mita ta auna wuta, ƙaramin sukundireba mai faɗin baki, sifirit da tsohon buroshin haƙori, soket mai ƙafa 24 da mai ƙafa 28, siririyar waya, dalma da ƙarfen narka ta. Idan da EPROM mai taga za ka yi aiki, sai ka ƙara da akwatin gogewa mai fitilar UV.

Ka yi aikin da laftof mai cikakken caji, don ɗaukewar wuta a tsakiyar rubutu tana mayar da kai farko. Lokacin hunturu kuma ka ƙara kula. Tartsatsin nan da kake ji yana ƙara idan ka cire riga da dare ya isa ya kashe ayisi ba tare da ka ga alamar komai ba. Ka ɗaura abin hannu mai waya zuwa ƙasa, in babu, ka riƙa taɓa ƙarfen da ke haɗe da ƙasa kafin ka ɗauki ayisi, kuma ta gefen jikinsa za ka riƙe shi, ba ta ƙafafu ba.

Mataki na 1: Ka tabbatar shi ne mai laifin

Kafin ka cire komai, ka auna akwatin wutar kwamfutar. Na Commodore 64 ya yi ƙaurin suna, idan ya tsufa layin bolt 5 ɗinsa yana haurawa ya ƙona ayisin RAM, wato ma'ajiyar wucin gadi ta kwamfutar. In mita ta nuna ya wuce 5.2, ka ajiye shi gefe.

A tsohon allon cikinta, wanda ayisi ke zaune a kai, ayisin ROM uku ne a jere, kowanne da lambar gurbinsa: U3 shi ne BASIC, na yaren da ake ba ta umarni da shi, mai lamba 901226-01, U4 shi ne KERNAL, mai riƙe da umarnin farko, mai lamba 901227, U5 kuma na haruffa mai lamba 901225-01. Idan na haruffa ya lalace, allo yana tashi amma rubutun shirme ne. Idan BASIC ne, sau da yawa za ka ga shuɗin allo da bakinsa ba rubutu. KERNAL kuwa baƙin allo yake bayarwa, sai dai RAM da PLA da ke U17, ayisin da ke zaɓen wanda za a karanta a cikinsu, su ma haka suke yi, PLA ma ya fi shi yawan mutuwa. Karanta ROM ɗin ne zai raba gardama.

Mataki na 2: Cire shi

Ka ɗauki hoton allon da wayarka tukuna, yadda za a ga lambar kowane ayisi da inda tsagarsa ke kallo. Tsagar nan mai kamar rabin wata ita ke nuna kai, ƙafa ta 1 tana hagunta idan ka sa tsagar sama, ƙirga kuma yana sauka ta hagu ya hau ta dama.

Idan a soket yake, ka zura bakin sukundireba tsakanin ayisin da soket ɗin, ba tsakanin soket da allo ba. Ka ɗaga kaɗan, ka koma ɗaya gefen ka ɗaga kaɗan, haka har ya fito a miƙe. Wanda ya ɓanɓare shi ta gefe ɗaya zai tarar da ƙafafun ƙarshe sun lanƙwashe, kuma ƙafar da ta shekara arba'in ba ta jure miƙewa sau biyu. Idan da dalma aka like shi kuma hannunka bai saba ba, ka kai wa gwanin gyaran rediyo ko talabijin ya cire maka, ya sa soket a gurbinsa. Layukan tagullar allon sun fi ayisin wuyar gyara.

Ka wanke ƙafafun da sifirit da buroshi. In sun yi baƙi, ka goge su a hankali da robar goge fensir, ka bari su bushe.

Mataki na 3: Karatu

Idan EPROM ne na dangin 27, abin da sauƙi: ka zaɓi cikakkiyar lambarsa da sunan kamfaninsa a manhaja. Amma KERNAL ɗin Commodore 2364 ne mai ƙafa 24, furogirama kuwa 2764 mai ƙafa 28 ta sani. Girmansu ɗaya, ƙafafu uku ne suka saɓa. Don haka sai an yi masa adafta.

Ka ɗora soket mai ƙafa 24 a kan mai 28, ka jera su ta ƙasa, yadda ƙafa ta 12 ta ƙaramin za ta hau ta 14 ta babban. Yawancin ƙafafun a haka sun dace. Uku za ka lanƙwasa waje kada su shiga, ka kai su inda ya kamata da waya: ƙafa ta 18 ta ƙaramin zuwa ta 23 ta babban, ta 21 zuwa ta 2, ta 24 zuwa ta 28. Ka bi kowace ƙafa da mita ka ji ƙararta, ka kuma tabbatar babu wadda ta taɓa maƙwabciyarta. Ba a fafe gora ranar tafiya, ka gama wannan adaftar ka gwada ta tun kafin ka ciro ayisin daga allo.

Yanzu ga abin da nake so ka riƙe da hannu biyu. A Xgpro akwai wani ɗan akwati mai suna Check ID, kuma a kunne yake zuwa. Don furogirama ta tambayi ayisi sunansa, wajen bolt 12 take aikawa a wata ƙafa da ake kira A9. Sababbin EPROM an gina su su amsa wannan tambaya. ROM na masana'anta da tsofaffin 2716 da 2732 ba su san da ita ba, bolt 12 ɗin na iya huda su. Ka kashe Check ID kafin ka danna komai. Ka kashe Pin Detect ma, tunda adaftar ta bar wasu ƙafafu babu kowa, zai yi ta ƙorafi. A minipro harafin x ne ke hana wannan tambaya:

minipro -p "M27C64A@DIP28" -x -r kernal1.bin

Ka ɗora adaftar daidai yadda hoton manhajar ya nuna, domin wurin zaman ayisi ya bambanta daga furogirama zuwa wata. Ka duba tsagar sau biyu. Ni da idona na taɓa ganin tagar wani 2764 ta yi haske ja kamar garwashi na daƙiƙa ɗaya saboda na juya shi, kuma daga wata tsohuwar na'urar buga takardu na ciro shi wadda ban samu kwafinta a ko'ina ba. Har yau abin yana yi mini ciwo.

Ka danna Read. Kada hannunka ya je kusa da Program ko Erase. Ka adana fayil ɗin a tsarin bin. Sannan ka buɗe hannun furogiramar, ka ciro ayisin, ka mayar, ka sake karantawa da wani suna. Ka yi haka sau uku. Karatu uku a zama ɗaya ba shaida ba ne, domin ƙafar da ba ta taɓa ba za ta yi ƙarya iri ɗaya sau uku.

Mataki na 4: Ka tantance abin da ka karanto

Ka buɗe fayil ɗin a manhaja irin HxD, mai nuna bayit ɗaya bayan ɗaya. Girmansa ya zama bayit 8192 cif. Idan duk FF ne ko duk 00, wuta ba ta isa ayisin ba, ko kuma ya mutu. Idan rabin farko da rabin ƙarshe iri ɗaya ne sak, wayar da ka kai ƙafa ta 2 ce ba ta kama ba. Idan karatun uku sun saɓa wa juna, ka koma wanke ƙafafu.

KERNAL mai lafiya yana da alamomi. Za ka ga rubutun COMMODORE 64 BASIC V2 a cikinsa ƙarara, bayit shida na ƙarshe kuma su ne 43 FE E2 FC 48 FF. Na BASIC kuwa bayan bayit huɗu na farko za ka ga CBMBASIC. Tabbaci na ƙarshe shi ne lambar CRC32, wadda manhajar 7-Zip ke lissafawa daga abin da ke cikin fayil. Ta KERNAL mai lamba 901227-03 ita ce DBE3E7C7 (ta 01 da ta 02 daban ce), ta BASIC F833D117, ta haruffa EC4272EE. Idan taka ta dace, ROM ɗinka lafiyarsa ƙalau, ka mayar da shi ka nemi ciwon a wani wuri. Kada ka rikita ta da jimillar da Xgpro ke nunawa, lissafinsu daban.

Na Commodore 64 an riga an adana su, ko naka ya mutu za ka samu kwafi. Inda hankali ke tashi shi ne ayisin da babu wanda ya taɓa kwafa, na wata tsohuwar na'urar masana'anta ko wani allo da ba a san shi ba. Idan irin wannan EPROM ɗin yana ba ka karatu mai canzawa duk da ƙafafunsa fes suke, wutar cikinsa ce ta fara zurarewa, wasu 0 suna komawa 1. Rage wutar karatu zuwa 4.5 ko ƙasa kaɗan, idan furogiramarka ta ba da dama, yakan dawo da su. Ka adana kowane karatu, har waɗanda kake ganin sun ɓaci, wata rana da su za a haɗa na gaskiya.

Kwamfutoci masu bit 16 kamar IBM PC/AT na 1984 suna raba shirin gida biyu, ayisi ɗaya ya ɗauki bayit na farko, ɗayan ya ɗauki na biyu, haka har ƙarshe. Rubutun cikin kowanne zai fito da giɓi, ba lalacewa ba ce. Ka dai sa lambar gurbin kowanne a sunan fayil ɗinsa.

Mataki na 5: Zaɓen madadi da goge shi

Akwai MCM68766 na Motorola, mai ƙafa 24 da ke shiga gurbin 2364 kai tsaye, amma ya yi wuyar samu kuma bolt 25 yake so. Ni W27C512 na Winbond na fi so, tsarin ƙafafunsa na 27512 ne amma da wuta ake goge shi, cikin daƙiƙu. AT28C64B ma yana yi. Ka guji ɗaukar 28C256 a matsayin 27256, ƙafa ta 1 da ta 27 ɗinsu ba aiki ɗaya suke yi ba. Game da sauri, lambar ƙarshe kamar 25, 20 ko 15 tana nufin nanosakan 250, 200 ko 150, kowanne ya ishi kwamfutar da ke tafiya a megahaz 1.

Jabu sun cika kasuwar intanet. Na taɓa sayen goma a wurin wani mai sayarwa, da na goga bayan ɗaya da auduga mai sifirit sai baƙin fenti ya biyo ta, wata lambar daban ta bayyana a ƙasa. A kan sabon ayisi irin wannan ne Check ID ke da amfani, a nan ka kunna shi. Tsofaffin alluna da ke hannun 'yan gwangwan ma ana samun EPROM na gaske a jikinsu, amma ka karanta abin da ke ciki ka adana kafin ka goge.

Idan mai taga ne, ka ɓare sitikar, ka wanke gilashin da sifirit har danƙon ya fita, ka sa shi a akwatin UV tagar na kallon fitila, minti 15 zuwa 20. Hasken da ke gogewa mai tsawon nanomita 253.7 ne, kuma yana ƙona ido da fata, kada ka kunna fitilar akwatin a buɗe. Fitilar busar da farce ba irinsa ba ce. Rana tana gogewa, amma takardun kamfanonin sun ce sai wajen mako guda, ga zafi ga ƙura. Bayan ka fitar, ka danna Blank Check, dole ko'ina ya zama FF. In da saura, ka ƙara minti biyar. EPROM mai jikin roba marar taga kuwa sau ɗaya ake rubuta shi a rayuwarsa.

Mataki na 6: Rubutu

W27C512 ya ninka KERNAL sau 8, don haka ka jera kwafi 8 a fayil ɗaya, duk ɓangaren da kwamfutar ta leƙa ta tarar da abu ɗaya. A Windows, idan k.bin ne sunan fayil ɗin KERNAL mai lafiya:

copy /b k.bin+k.bin+k.bin+k.bin+k.bin+k.bin+k.bin+k.bin cike.bin

Girmansa ya fito bayit 65536. Ka zaɓi ayisin a manhaja, ka loda fayil ɗin, ka kwatanta wutar rubutu da ke allon da ta takardar kamfani. Harafi ɗaya yana raba 2764 mai bolt 21 da 2764A mai 12.5, kuma in ka ba na biyun wutar na farkon ya tafi ke nan. Ka danna Program, ka bar tebur ɗin ya huta har ta gama. Sannan ka ciro, ka mayar, ka danna Verify.

Mataki na 7: Mayar da shi gida

A nan ma sai da adafta, amma a juye: sabon ayisi mai ƙafa 28 zai zauna a gurbi mai 24. Ana sayar da shiryayyu, kana kuma iya haɗawa. Ka jera su ta ƙasa kamar ɗazu, ƙafa ta 1, 2, 27 da 28 su yi saura a sama. Ƙafa ta 20 da ta 23 na sabon ayisin kada su shiga gurbin. Ta 23 ka kai ta rami na 18, ta 2 zuwa rami na 21, ta 20 ka haɗa ta da ta 14 wadda ita ce ƙasa. Ta 1, ta 27 da ta 28 duka ka haɗa su da rami na 24, inda bolt 5 yake. Masu Commodore 64C mai gajeren allo sun huta da wannan, nasu ayisi ɗaya ne mai ƙafa 28, lamba 251913-01, ya haɗa BASIC da KERNAL, kuma 27128 ke maye gurbinsa.

Ka duba tsaga, ka danna shi ya zauna daram, ka kunna yatsanka na kan ayisin. In ya fara zafi nan take, ka kashe. In komai ya tafi daidai, shuɗin allo zai tashi da 38911 BASIC BYTES FREE, ga READY a ƙasa. Ranar da tawa ta nuna wannan na daɗe zaune ina kallon ɗan murabba'in nan yana ƙiftawa kafin na taɓa maɓalli. Ka rubuta PRINT PEEK(65408) ka danna RETURN: 3 za ta fito idan 901227-03 ka zuba, 0 idan 02 ne, 170 idan 01 ne.

Ka rufe tagar EPROM da sitikar da haske ba ya ratsawa, ka rubuta lambar ROM ɗin da ranar da ka zuba shi a kai. Fayilolin ka ajiye su wuri uku, tare da hoton ayisin da na allon. Tsohon ayisin kuma, ko ya mutu, ka soke ƙafafunsa a baƙin soso mai hana tartsatsi, ka sa a 'yar leda, ka manna ta a cikin murfin kwamfutar.